Ajiyar Yaya a Cikin Kaset

Batir na je canzawa. Abin da ya fitar da ni daga gida ke nan a yammacin ranar, kuma da wani ya tare ni a hanya ya ce ina za ki, da kunya ta hana ni faɗa. Mace da girmanta, malamar makaranta, uwar 'ya'ya, ga ni rungume da tsohuwar na'urar gem a jakar leda kamar mai kai jariri asibiti.

Na'urar ta Yayana ce, wanda ya rasu a farkon shekarar nan.

Babanmu ne ya sayo ta a wurin 'yan gwanjo tun muna yara, da kaset ɗinta ɗaya tal. Gem ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne. Mutum ne ke sauka cikin wani kurkuku na ƙarƙashin ƙasa, hawa bayan hawa, da 'yar fitila a hannunsa. Ba ka ganin mutumin, abin da yake gani kake gani: bango a dama, bango a hagu, duhu a gaba. Dodannin ciki kamar an yanko su da almakashi daga kwali. In ka danna gaba ya yi taku ɗaya, in ka yi karo da bango ka ji dum. Mugun halin kaset ɗin shi ne, in dodo ya kashe mutuminka sai ya shafe duk abin da ka tara, ya mayar da kai bakin ƙofa.

Yaya bai gama ƙuruciya ba wani zazzaɓi ya tafi da idanunsa. Kowa a gidan ya ɗauka shi da gem sun rabu ke nan. Shi kuwa bai ko warware sosai ba ya kira ni, ya danƙa min hannun gem ɗin, wato abin da ake riƙewa ana dannawa, ya ce in zauna a gabansa.

"Ke ce ido, ni ne kai," in ji shi. "Daga yau sunanki Fitila."

Haka muka yi ta bugawa. Ni ina gaba, shi yana bayana, tafin hannunsa a kafaɗata, ya karkata kai yana saurare. Taswirar kurkukun duka a kansa take. Kuma bai taɓa yarda da bakina ba. In na ce akwai bango a gabanmu sai ya ce, "Bugi bangon in ji." In buga, dum. Sannan ya ce, "Yawwa, hagu." Ya ce idona yana da saurin ƙarya, shi kunnensa bai taɓa cin amanarsa ba. Mutumin da ba ya ganin tafin hannunsa, amma ni mai ido biyu ni yake yi wa gori.

Muka girma, na yi aure, shi ya zauna tare da Umma yana saƙar kujeru a zaure. Duk ranar da na je gida, kafin in ajiye jaka zan ji ya ce, "Fitila, mutuminmu fa ƙafarsa ta yi sanyi." Da daɗewa mun isa hawan da ke gab da na ƙarshe, har mun gano matattakalar da za ta kai mu ƙasa. Nan ya ƙi. Na yi magiya, na yi fushi, ya ce ba inda za mu.

"In muka gama, me zai riƙa kawo ki?" Abin da ya ce ke nan, yana dariya.

Saboda haka muka bar matattakalar, muka yi ta yawo a wannan hawan shekara da shekaru. Mutumin Yaya bai taɓa mutuwa ba, ko sau ɗaya.

Bayan rasuwarsa aka rabar da tufafinsa, aka ba da kujerun da bai gama ba, sandarsa kuma Umma ta ɓoye ta inda ko ita ba ta son dubawa. Ni na ɗauko na'urar na sa a ƙasan gado, na kasa kunnawa. Mijina ne ya tayar min da hankali, da ya ce irin waɗannan tsofaffin kaset akwai wani ɗan batir a cikinsu kamar maɓallin riga, shi ke riƙe da ajiyar, wato duk abin da aka tara a gem ɗin, kuma ranar da ya mutu komai ya tafi. Na ji kamar an ce min Yaya yana wani asibitin kuma ba a biya kuɗin wuta ba. Ba ni da muryarsa a waya, hotunansa ma 'yan kaɗan ne don ba ya son a ɗauke shi. Abin da ya rage min shi ne wannan mutumin da ke tsaye cikin duhu, daidai inda muka bar shi.

Shagon mai gyaran yana ƙarshen wani layin shaguna, a ƙasan bene. Dogo ne siriri, mutum biyu ba sa giftawa sai ɗaya ya karkace. Matattun talabijin jere a kan kanta har rufi, duk sun juyo da baƙaƙen fuskokinsu. Warin dalma da ƙura da tsohuwar roba ya cika wurin. Rana ta yi ja, maƙwabtansa sun fara jawo ƙofofi.

Mai gyaran dattijo ne, da tabarau ɗaure da zare. Ya juya kaset ɗin a hannunsa ya yi murmushi.

"Malama, rabon da in ga irin wannan tun gashina yana baƙi. Na yaranki ne?"

"Na yayana ne. Ya rasu. Abin da ke ciki nake so kada ya ɓace."

Murmushin ya tafi. Ya yi min gaisuwa, ya jawo min kujera, sannan ya yi min bayani a hankali. Ya ce in aka cire batirin haka kawai, ajiyar ta tafi nan take. Dabarar ita ce a cire shi na'urar tana kunne, wutar bango ta riƙe ajiyar har a liƙa sabo. Ya kwance bayan kaset ɗin, ya soka shi tsirara a bakin na'urar, ya haɗa ta da wata ƙaramar talabijin, ya sa filogi a soket ɗin da ke ƙasa kusa da ƙafata.

"Buɗe mu gani, ko tana nan ma tukuna."

Na danna. Kiɗan nan siriri ya taso, mai kama da kukan sauro. Ban shirya masa ba, sai da na dafe baki. Sai ga bangon, ga 'yar fitilar, ga kwanar da muka tsaya ranar ƙarshe, ranar da ya ce kansa na ciwo mu bari sai wani zuwan.

"Tana nan," na ce.

Dattijon bai dube ni ba, kuma na gode masa da hakan. Ya ɗauki ƙarfen dalma, ɗan hayaƙi ya tashi, tsohon batirin ya faɗo a tafinsa. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko sabo, ya ɗora masa abin gwaji. Ya ajiye shi gefe. Ya ɗauko wani, ya gwada. Shi ma ya ajiye shi.

"Kash. Tsufa ya ci ni. Da na gwada kafin in cire." Ya miƙe yana laluben takalmi. "Duk sun mutu a ajiye. Bari in ruga wurin mai agogo kafin ya rufe. Malama, ki ji ni da kyau. Yanzu wutar nan kaɗai ke riƙe da shi. Kada ki taɓa filogin nan, kada ki kashe, kada ki bari wani ya shigo ya yi tuntuɓe da waya."

"Malam, gem ɗin ba ya tsayawa fa. Dodanni na yawo. In suka kashe shi ma shafewa zai yi."

"To ki yi ta gudu da shi har in dawo."

Ya fita. Na ji takalminsa yana nisa, na ji ƙofar shagon maƙwabci ta sauko da ƙara, sai layin ya yi tsit.

A nan ne na gane abin da ban taɓa tunani ba. Ban san hanya ba. Shekara da shekaru ina yawo a wurin nan, amma ko kwana ɗaya ban riƙe ba. Ni dai in ji hagu in danna hagu. Na zauna da ido biyu a gaban wurin da makaho ya sani kamar ɗakinsa, ban san inda zan sa ƙafa ba.

Na yi gaba, na yi dama. Duk bangon iri ɗaya. Fitilar mutumin ta fara raguwa, kuma na san akwai inda ake samun mai, amma ina? Can na ji takun nan mai nauyi da ke nuna dodo ya kusa. Na juya da gudu na faɗa wani lungu, lungun ya ƙare a bango. Na juyo, ga shi ya tare hanya. Ya kai duka ɗaya, fuskar talabijin ta yi ja, jan layin ran mutumin ya ragu da rabi.

 Na fara kuka kamar yarinya, ina danna duk abin da yatsana ya samu.

"Hagu."

A hankali aka faɗa, daga bayana, daidai kunnena na dama.

Yatsana ya danna kafin kaina ya yi tunani. Akwai wata 'yar hanya a hagun da ban gani ba. Mutumin ya shige, dukan ya wuce ta bayansa.

"Gaba. Gaba. Dama."

Na bi. Takun dodon ya yi nisa, ya ɓace. Sai a lokacin jikina ya gane abin da kunnena ya ji.  Ban waiwaya ba. A baƙar fuskar wata matacciyar talabijin da ke gefe ina iya ganin inuwata, da kujerar, da ƙofar shago a baya. Ba kowa.

"Fitila. Kin bar mutuminmu ƙafarsa ta yi sanyi."

Muryarsa ce. Har da ɗan kaushin nan na ƙarshen magana, har da dariyar da ke ɓoye a ƙasa. Ni na ga gawar Yaya da idona, ni na riƙe Umma ranar da aka fita da shi. Na san matattu ba sa dawowa shagon gyaran talabijin. Na san haka sarai, kuma na san abin da ya kamata in karanta. Amma na yi wata da watanni ina neman muryar nan a cikin kaina tana zille min, ga ta yanzu a kunnena. Ban karanta komai ba.

"Yaya?" na ce, a raɗa.

"Gaba. Kada ki tsaya."

Na yi gaba.

Sai hannu ya sauka a kafaɗata.

Sanyi gare shi, har ta cikin mayafi. Amma wurin da ya sauka wurin ne, kafaɗar dama, babban yatsa a bayan wuya. Hawaye suka zubo min, na bar su. Wallahi daɗi na ji. Duk abin da zan faɗa bayan wannan, ba zan ɓoye ba, daɗi na ji.

Muka yi ta tafiya. Hagu, gaba, dama. Ba gargada, ba tsayawa. Muka wuce inda ake samun mai, na gane wurin, na ce mu tsaya fitila ta kusa mutuwa.

"Bar shi. Ba ma bukata."

Hasken waje ya janye daga bakin ƙofa. Ban ji mota ba, ban ji mutum ba. Warin dalma ya tafi, wani wari ya maye shi, na danshi, irin na ɗakin da aka daɗe da kullewa ruwa yana tsattsafowa ta bango. Kuma takun mutumin ya daina fitowa daga talabijin. Daga ƙasan shagon yake fitowa, ta ƙafafun kujerata.

Wani abu ya fara damuna, na kasa gane ko mene ne. Sai can na gane. Tun da muka fara, ba mu bugi bango ba ko sau ɗaya.

Na kai hannu da gangan na danna dama, inda na ga bango ƙiri-ƙiri.

Ba dum. Ba komai. Mutumin ya tsaya kawai.

"Kada ki ɓata lokaci," in ji muryar.

"Ba ka ce in buga ka ji ba."



"Ga ƙofa can, mai jan ƙarfe. Shiga."

Mai jan ƙarfe. Ni ban taɓa faɗa wa Yaya launin ƙofar nan ba, kuma wannan hawan bai taɓa ganinsa da ido ba.

Na san ba shi ba ne. Daga nan na sani, ba sauran shakka. Kuma na lura da hannun. Hannun makaho bin ka yake yi, kai ne ke gaba yana jin inda kafaɗarka ta karkata. Wannan tura ni yake yi.

Amma na shiga ƙofar.

Kada wanda bai rasa nasa ba ya tambaye ni dalili. Na ce a raina, taku kaɗan kawai, in ƙara jin kalma kaɗan, sai in tsaya.

Matattakalar ce a gabanmu.

"Sauka."

"Kai ka ce kada mu sauka."

"Na gaji da jira, Fitila. Sauka."

Na so in ɗauke yatsana. Ya ƙi. Hannuwana biyu sun manne da hannun gem ɗin kamar an zuba musu dalma. Ina kallo babban yatsana ya danna da kansa.

Fuskar talabijin ta yi baƙi. Kiɗan ya tsaya.

Fitilar mutumin ta mutu, amma akwai haske a ƙasan, fari-fari, ba daga ko'ina ba.

Ba kurkuku ba ne. Zauren gidanmu ne. An zana shi da irin zanen gem ɗin, ɓaro-ɓaro, amma shi ne. Ga tagar. Ga kujerar da ba a gama saƙawa ba. Ga wani zaune a ƙasa ya juya baya.

"Matso."

Yanzu muryar daga gaba take fitowa. Hannun kuma yana nan a kafaɗata.

Taku ɗaya. Taku ɗaya.

Na zaunen ya juyo.

Fuskar Yaya ce, kuma ba ta zane ba ce. Fuska ce sosai, da tabon nan na haɓarsa. Idanunsa a buɗe. Ba farare ba kamar yadda na saba. Baƙaƙe, masu rai, kuma a kaina suke.

Ya dube ni daga goshi har haɓa, a hankali, kamar mai karatu.

"Ashe haka kika zama," ya ce. "Kin yi kama da Umma. Har da furfura, Fitila."

Wani sauti ya fita daga ƙirjina wanda ban san ina da shi ba. Rabon Yaya da fuskata tun ina 'yar yarinya mai giɓi. Bai ga ranar aurena ba, bai ga 'ya'yana ba, da yatsa ya san su. Duk rayuwata ba abin da na roƙa kamar ya gan ni sau ɗaya. Abin nan, ko mene ne shi, ya san haka.

"Matso in gan ki da kyau."

Hannun ya tura. Na sunkuya. Kujerar ta yi ƙara.

Goshina ya kusa gilashin talabijin, sai na ji ba gilashi. Iska ce ke fitowa, mai sanyi, mai warin rami.

Ba na jin ƙafafuna sosai. Ba na jin kujerar.

Na buɗe baki in nemi tsari, harshena ya yi nauyi kamar na wani.

"Saura kaɗan."

Ya miƙo hannu. Na ga yatsun sun wuce inda gilashi ya kamata ya tare su.

Abu ɗaya ne ya rage a kaina. Mutumin da ya hana ni sauka matattakalar nan don in riƙa dawowa gida, ba zai kai ni inda ba a dawowa ba.

Ƙafata ta hagu ta taɓa wayar filogin.

Na san abin da zai faru in na ja. Ba batir. Ba wani abin da ke riƙe da shi.

Na laluba da yatsun ƙafa, na naɗe wayar a idon sawuna.

Fuskar ta canza. Murmushin ya tafi, idanun suka koma fari, suka fara yawo kamar na Yaya na gaske. Hannun da ke kafaɗata ya daina turawa. Ya riƙe ni kawai.

"Fitila," ya ce, da ƙaramar murya, irin wadda ya yi a makon farko da idonsa ya tafi. "Kada ki bar ni a duhu."

Na ja.

Tartsatsi ya tashi. Talabijin ta haɗiye haskenta ya zama ɗigo, ɗigon ya mutu. Na faɗo daga kujera, hannun gem ɗin ya suɓuce ya bugi ƙasa.

Ƙarar mota. Wani yana dariya a titi. Warin dalma.

A ƙasa mai gyaran ya same ni, da wayar naɗe a ƙafata. Ya ce bai daɗe ba, mai agogon ma yana bakin rufewa ya cim masa. Ya dubi filogin, ya dube ni, bai tambaye ni komai ba. Ya ba ni ruwa. Duk da haka ya zauna ya liƙa sabon batirin, ina jin don hannunsa ya sami abin yi. Ya kunna. Kiɗan ya taso, ga bakin ƙofar kurkukun, ga sabon mutum da cikakkiyar fitila, wanda bai taɓa zuwa ko'ina ba. Wurin ajiya fayau.

Na ba shi labarin a guntule. Bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya goge, ya ce shi dai aikin waya ya sani, amma a ganinsa wurin da aka daɗe ana shiga ana fita, sannan aka bar shi a rufe, ba ya zama ba kowa. Ya ce kango kango ne, ko na ƙasa ko na cikin kaset. Ya ce na yi daidai.

Wataƙila na yi daidai. Kaina ya yarda. Amma maganar ƙarshen nan ba ta bar ni ba, don ba kamar sauran take ba, kuma ba wanda zai iya rantse min cewa ita ma ƙarya ce. Na bar na'urar a shagon. Na fito da jakar leda ba komai a ciki, na yi kuka har gida, irin kukan da ban yi ba ranar da aka binne shi.

Ban faɗa wa Umma ba. Ta tsufa, kuma tun rasuwar ba ta cika magana ba. Na ƙara yawan zuwa, in share mata, in wanke mata, mu zauna shiru.

Wata rana da la'asar ina taje mata kai, sai ta ce, ba ta juyo ba, "Ke da kin iya kwaikwayon mutane tun kina ƙarama. Kira ni mana yadda yake kirana in yana son ruwa. Na fara manta yadda yake faɗa."

Na so in ce ba zan iya ba. Amma na ga yadda ta riƙe bakin zaninta. Na ce bari in gwada, in bai yi ba ma mu yi dariya.

Na buɗe baki na ce, "Umma."

Ba kwaikwayo ba ne ya fito. Muryarsa ce cif, da kaushinta da komai. Ta fito da sanyi, ta bar min ɗanɗanon danshi a maƙogwaro.

Umma ta rufe ido. Hawaye suka gangaro ta cikin tamojin fuskarta. "Na'am," ta ce. "Na'am, ɗana. Ƙara."

Na ƙara. Tun daga ranar, duk zuwan da na yi sai ta ce in kira ta, kuma ban taɓa iya ce mata a'a ba. Ta fara cin abinci. Ta fara fitowa tsakar gida.

Jiya ina wanke kwanuka a kicin, ita tana ɗaki. Bakina a rufe. Sai na ji ta ce, "Na'am." Ta yi shiru kamar mai saurare, sannan ta yi dariya, dariyarta ta da, wadda rabonmu da ita tun farkon shekara.

Na tsaya da hannuwana cikin ruwan sabulu. Na san abin da ya kamata in yi, na taɓa yin sa sau ɗaya. Amma ina jin uwata tana dariya, na kasa ɗaga ƙafa in je in raba su.